Mashin ɗina ya zama rago tunda na hau Mambila, kafireta ce ko inji?

Ɗan Jalingo:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin mashin ku taimaka min da shawara. Wata biyu kenan da aka yi min canjin wurin aiki daga Jalingo zuwa Nguroje, na taho da mashin ɗina, 100cc ne irin na 'yan acaba, shekara ɗaya da rabi yana hannuna bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Ranar da na taho har Bali har Serti lafiya lau, amma ina wuce Mayo Selbe na kama hawan dutsen nan sai ya fara nishi, nace ai hawa ne dole, to har na iso sama inda hanya ta ɗan miƙe ba ta sake zani ba. In na murɗa totur sai yayi bububu kamar mai mura kafin ya ɗauka, ga baƙin hayaƙi kaɗan kaɗan a salansa, ga shan mai. Fulogi biyu na canza, kowanne in na kwance sai in ganshi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wani yaro bakanike a nan yace ringi ne sai an sauke inji. Abinda ya hana ni yarda, ƙarshen wata na sauka Jalingo ganin iyali, wallahi mashin ya dawo garau. To ringin ne yake warkewa in ya ga gida?

Sarkin Gudu:
Hhhh mashin ɗinka kewar gida yake yi. Oga cire soson iyakilina, wato soson da ke tace iskar da ke shiga inji, ka jefar kawai ya sha iska, haka nayi wa nawa a Jos ya buɗe.

Tsohon Bakanike:
Ɗana kar ka bari kowa ya sauke maka inji, lafiyarsa ƙalau. Ringi in ya ci hayaƙinsa shuɗi shuɗi ne mai ƙaurin baƙin mai, fulogin kuma za ka ganshi da danshi yana maiƙo. Naka baƙin a bushe yake kamar kunkunniya ko? To fetur ne yayi wa iska yawa.

Kai kuma Sarkin Gudu ka ji tsoron Allah, so kake ƙura ta shiga ta cinye masa silinda, a lokacin ne ma zai nemi ringin da gaske. Soson a wanke shi, ya bushe, a shafa masa baƙin mai ɗan kaɗan a matse sosai a mayar. Da shi za ka fara ma, don soso in ya toshe shi kaɗai yana kawo duk abinda ka lissafa. Ka duba cok kuma, sanyin Mambila yana sa mutum ya ja shi da asuba ya manta bai mayar ba.

In waɗannan sun yi daidai sai a zo kan kafireta, kuma ita aikinta kashi uku ne. Silo, wato inji na aiki ba ka murɗa totur ba, da farkon totur, wannan ɗan sukurun gefe ne. In yana ɓangaren iyakilina na iska ne, kwance shi ake yi iska ta ƙaru, in kuma yana ɓangaren inji na mai ne, ɗaure shi ake yi. Kwatan zagaye kwatan zagaye za ka riƙa juyawa kana sauraron inji da zafinsa, kuma kafin ka taɓa ka ɗaure shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga zagayen, ka rubuta, don ka san inda za ka koma. Tsakiyar totur allura ce ke da iko. Ka kwance murfin saman kafireta ka zaro ta, in mai gaba gaba ce za ka ga 'yar kilif a maƙale, ka matsar da ita gaba ɗaya zuwa SAMA, allurar za ta ƙara nutsewa ta rage mai. Nan mutane ke juyawa, su sauke kilif ƙasa su ƙara wa Borno dawaki. Wasu alluran kuma ba su da gabobin, sai a haƙura. Babban jet, wato ɗan ƙarfe mai huji da mai ke bi ta ciki, na cikin kwanon ƙasa shi kuma sai ka buɗe totur kusan duka yake aiki, akwai lamba a jikinsa.

Malamin Kimiyya:
Baba ya gama magana, dalilin kawai zan ƙara. Mambila galibinta tana wajen mita 1,600 ne daga matakin teku, Jalingo ko 400 ba ta kai ba, Jos da Sarkin Gudu ke magana wajen 1,200 ce. Iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 a sama da ƙasa, amma iskar gaba ɗayanta ta yi shara shara, duk zuƙar da fistin zai yi abinda ke shiga bai kai nauyin na ƙasa ba. Fetur yana son iska wajen ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone tas, ita kuwa kafireta ba ta san ka hau dutse ba, kusan man da ta saba bayarwa take bayarwa. Lissafin da aka saba yi shine inji yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, kaga kai ka rasa wajen kashi 12 kenan, kuma wannan ko wane jet ka saka ba zai dawo ba, gyaran zai hana shaƙewa da shan mai ne kawai. Sauran sai giya, ka daina jin kunyar sa lamba biyu a hawa.

Ɗan Jalingo:
Allah ya saka da alheri Baba, a bushe yake kamar yadda kuka faɗa. To in sayi ƙaramin jet ɗin kawai in huta?

Tsohon Bakanike:
A'a dakata. Kai da kace kana sauka Jalingo ganin iyali? Inda a ce zama za ka yi a sama shekara guda ba saukowa sai in ce rage shi lamba ɗaya, in ta yi yawa biyu. Amma ka rage jet a Nguroje ka gangaro Serti cikin zafin nan ka buɗe wuta har Bali, iska ta dawo da nauyinta mai kuma ya yi kaɗan, inji zai ɗau zafi, fulogi yayi fari fat, ni da hannuna na sha ciro fistin da ya huje a ka saboda irin wannan. Mai in yayi yawa fulogi kawai zai ci maka, in yayi kaɗan inji zai ci. Ka tsaya a soso da sukuru da kilif, su ko a bakin hanya minti goma ka mayar da su da sukundireba. Bayan ka gyara ka sa fulogi mai tsabta ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kashe ka kwance ka duba, kalar shayi da madara ake nema.

Ɗan Jalingo:
Baba na dawo da rahoto. Soson kamar an tono shi daga rami, na wanke. Allurata mai gaba biyar ce kilif na tsakiya, na ɗaga ɗaya, sukurun na iska ne na kwance rabin zagaye. Jiya na je Gembu na dawo, bububun nan ya tafi, hayaƙi babu, fulogi ya fara yin ruwan ƙasa amma gefensa da sauran baƙi, na barshi haka. Na rubuta yadda suke da a takarda na cusa a ƙarƙashin sit saboda ranar sauka.

Sarkin Gudu:
Toh Baba ni da na riga na jefar da soson tun bara fa, nawa ake sayar da sabo?