Yaro ya tambaye ni ina Allah yake lokacin cinikin bayi

Maman Biyu, Zuru:
Salama jama'a. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi, to wani yaro ɗan aji shida ya ga bidiyo a wayar yayansa wai Fabrairu watan tarihin baƙar fata ne a Amurka, ya ga mutane ɗaure da sarƙa cikin jirgin ruwa, shi ne ya ce mini Mama kullum kuna cewa Allah mai aminci ne to ina yake ran nan? Don Allah iyaye da malamai me ake faɗa wa yaro irin wannan, ba na son in ce masa rufe mini baki.

Kawun Yara, Yawuri:
'Yar'uwa ba shi labarin Ajayi Crowther, yara na son labarin yaro irinsu. An kama shi a ƙasar Yarbawa a 1821 yana ɗan wajen shekara 12, aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka sauke su a Saliyo. Yaron nan shi ne ya zama bishop a 1864, ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, kuma inda ke sa ni hawaye, ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abekuta bayan sama da shekara 20. Sai ki haɗa musu da Yoshuwa sura 4, duwatsu 12 da aka ɗebo daga kogin Urdun don in yara sun tambaya a samu abin faɗa musu.

Bakabe, Argungu:
Ni Musulmi ne amma wagga magana ta shafe mu duka. Ayuba Sulaiman Diallo Bafillace na daga Bundu, cikin Sanigal ta yau, anka kai shi gonar taba a Amurka bai bar salla ba, daga baya a Landan ya rubuta Alƙur'ani da ka, 1734 ya komo gida. A Bahiya ta Birazil ma bayi Musulmi sunka yi bore cikin azumin 1835, anka iske takardun Larabci jikin waɗanda anka kashe, kuma akwai Hausawa da yawa cikin bayin garin. Abin da ni ka hwaɗa ma ɗiyana, wanga karatun allo da kuke gudu shi na kaɗai guzurin da ba a iya ƙwace musu ba.

Malama, Birnin Kebbi:
Kawu ka yi haƙuri amma in labarin waɗanda suka tsira kawai za a ba shi yaron nan mai wayo ne zai ce sauran fa? An loda mutum wajen miliyan 12, kusan miliyan 2 teku ta ci, ba su zama bishop ba ba su koma gida ba. A faɗa masa gaskiya mutane ne suka yi wannan aika-aika, har da masu riƙe da Littafi, har da namu da suka kama suka sayar. A 1807 har wani Baibul na musamman aka buga wa bayi a Landan an yanke labarin fitowa daga Masar don kar su ji, amma duk da haka labarin ya kai kunnensu, a Amurka suka riƙa kiran Harriet Tubman, wata baiwa da ta gudu ta tsira, da suna Musa saboda mutanen da ta yi ta fitarwa daga bauta cikin dare. Ni nan nake ganin hannun Allah. Inda kuma ba ki da amsa ki karanta musu Zabura 13, Dauda ma ya tambayi Ubangiji har yaushe.

Maman Biyu, Zuru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama Zabura 13 zan fara da ita wannan Lahadin, sannan zan sa kowane yaro ya je ya tambayi kakarsa wuyar da gidansu ya taɓa sha da yadda aka fita. Kawu in kana da hoton Crowther turo mini ta WhatsApp in buga musu a takarda.