Injin da aka ce wuta ce ke fasa magani a cikinsa: in saya wa autana?

Maman Auta, Tawa: Salamu alaikum ƴan'uwa, shawara nake nema. Autana shekararsa biyar, asma gare shi, kuma tun da hunturu ya shigo ba mu san barcin kirki ba. Dare na yi sai ƙirjinsa ya kama fito kamar ana busa sarewa. Sau biyu ke nan a watan nan muna kwasarsa da tsakar dare zuwa likita, a ɗora masa abin rufe hanci, inji na gurnani, hazon magani na fita, sannan ya samu kansa. Shekaranjiya wani mai kawo kaya daga Konni ya nuna mini wani ɗan ƙarami, bai fi kwalbar turare ba, shiru ba ƙara, ana cajinsa kamar salula. Jika ashirin da biyar. Ya ce ƙarfin wutar lantarki ne ke tarwatsa ruwan maganin ya koma hazo. Ni kalmar wutar nan ce ta tsaya mini a rai. Uwar mijina kuma ta ce in bar ɓarnar kuɗi in yi masa sirace. Wanne zan kama?

Mushe, Yamai: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ya faɗa akwai shi a kimiyya, amma zan yi mamaki in shi ne a hannunsa. Yadda ake yi: ruwa na biyowa ta wata siririyar allura, a sa mata wuta ta bolt dubu da dama, alhali ta gidajenmu 220 ce. Ɗigon da ke bakin allurar sai ya miƙe ya yi tsini kamar malfa, wani zare siriri ya fito daga tsinin ya tsittsinke. Da yake caji iri ɗaya ke jikin ɗigogin, kowanne na ture ɗan'uwansa, ba sa sake haɗewa, girmansu kuma kusan ɗaya. Masana kimiyya sun daɗe a kansa: Zeleny ya yi nazarinsa tun 1914, Taylor ya bayyana tsinin a 1964, John Fenn ma da wannan dabara ya ci kyautar Nobel a 2002, amma ta wajen auna ƙwayoyin sinadarai.

Girman ɗigon nan shi ne duk maganar. Wanda zai gangara cikin huhu sai ya kasance tsakanin maikiron 1 da 5, gashin kai kuwa kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Babba a maƙogwaro yake tsayawa. To me ya hana injin cika farmasi? Ɗigo mai caji manne wa baki da maƙogwaro yake yi, sai an fara kashe cajin. Sannan ruwa mai gishiri, irin wanda ake sirka maganin asma da shi, gardama gare shi a wannan hanya, ga shi kaɗan-kaɗan yake fita. Shi ya sa har yau galibin aikin yana ɗakunan bincike. Buɗe murfin injin da ya kawo miki ki duba: in kin ga ɗan faranti na ƙarfe kamar ƙwandala, rariya ce mai ƙananan huda da ido ba ya gani, batir ke karkaɗa ta tana tankaɗe ruwan. Ba wutar da ke isa bakin yaro.

Baban Ƴanbiyu: Na taɓa sayen irinsa. Wata biyu ya toshe, don madam ruwan randa take wanke shi da shi. Ni dai na haƙura.

Majo: Ƙanwata, fara ajiye maganar sirace. Tururin ruwan zafi ba ya buɗe hanyar numfashin mai asma, kuma mun sha ganin yaran da tukunya ta kife musu a cinya ƙarƙashin bargo. Ki lallaɓa Inna da girmamawa, amma kar a yi.

Sai tambayata: an rubuta masa Ventoline, maganin asma na fesawa a baki? In an rubuta, yaya kike ba shi?

Maman Auta: An rubuta, Yaya. Ina ce masa ya buɗe baki in fesa. Sai ya ɓata fuska ya tofar.

Majo: To ga inda gizo ke saƙa. A harshe yake ƙarewa. Ki nemi bututun da ake haɗawa da ita a farmasi. In babu, gorar ruwa ta roba mai rabin lita ta isa. An gwada ta kan yara a Afirka ta Kudu a 1999 ta yi aiki. A huda gindinta daidai bakin Ventoline, ya zauna cif ba iska. Ki girgiza maganin, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, ki fesa sau ɗaya tak, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan ki sake. Yawan fesawar, bi abin da aka rubuta masa. A tashin da bai yi tsanani ba, wannan ba ta gaza injin da kike ji yana gurnani ba. Kuma tashi biyu a wata ɗaya, ki koma da rana ki nemi a duba ko yana buƙatar maganin kullum na rigakafi. Ventoline buɗewa kawai take yi. In kuwa kin ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa magana ko shan ruwa, ko leɓe ya canza launi, kar ki tsaya gora, kar ki tsaya inji, ku kama hanya.

Mushe: Majo ta gama magana, ƙari ɗaya zan yi tunda ya taɓa fannina. Kin san tartsatsin da bargo ke yi da dare a hunturu? Irin cajin nan yana taruwa a jikin roba ya janye maganin ya manne. Ki wanke gorar da ruwan sabulun wanke kwanuka, kar ki goge da tsumma, ki kife ta ta bushe da kanta.

Maman Auta: Allah ya saka da alheri. Na duba, farantin nan na ciki, na mayar masa da abinsa. Babansa na ɗora ƙusa a garwashi yanzu. Majo, hudar a tsakiyar gindin za a yi ko a gefe?

Majo: A tsakiya. In ta yi faɗi ki naɗe da salatif.