Lanƙwasasshen gilashi na baranda, a ina zan samu wanda zai zauna daidai?

Salam 'yan uwa masu harkar gilashi da almuniyam, don Allah ina neman shawara. Ina da aikin wani bene a Kano, barandar sama zagaye take kamar rabin faifai, mai gida ya dage shi gilashi mai lanƙwasa yake so, baya son a jera gutsattsarin miƙaƙƙe.

Matsalar ita ce magini bai fitar da zagayen daidai ba, in ka auna nan ka matsa gaba sai ka ga lanƙwasar ta canza, su kuma masu kamfani a Chana radiyos ɗaya (wato awo daga tsakiyar zagayen zuwa bakinsa) suke tambaya da tsawon baka da kauri, 10mm ko 12mm. Kuma kun san tempad, wato gilashin da ake gasawa don ya yi ƙarfi, in ya fito daga wuta shikenan, ba yanka ba huda, ko ramin kusa sai an faɗa tun kafin a gasa shi. In ya iso tashar jirgin ruwa ta Apapa bai zauna ba wa zan kama, ga kuɗin kwastan ga na mota zuwa Kano.

To in sa kafinta ya yanko samfur da filawud in aika masu, ko in sa a fasa bakin kankaren a gyara tukuna? Sannan tunda wuri ne mai tsayi kuma akwai yara a gidan, ni hankalina ya fi kwanciya da laminetad, mai roba a tsakiya, ko ya fashe baya zubowa, amma tsada wallahi. Akwai wanda ya taɓa sa aka lanƙwasa masa a Legas aikin ya yi kyau? In an samu fashewa a hanya wa ke ɗaukar asarar?