Neman shawara: an ba ni riƙon ofishin wuta, ga bashi ya taru a unguwar surukaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, aikina na jama'a ne.

Ni ma'aikaci ne a kamfanin rarraba wutar lantarki a nan cikin Katsina. Tun da na kama aiki a ɓangaren gyara nake: hawa falwaya, sauya fiyus, bin layi idan ya faɗi. Kwanan nan aka ɗaga ni, aka ba ni riƙon ƙaramin ofishi mai kula da unguwanni da dama. Yanzu duk ƙarshen wata sai a ajiye wutar da ta shigo yankina a gefe, a ajiye kuɗin da muka tara a gefe, a ce in yi bayanin giɓin da ke tsakani.

Akwai wata taransifoma a tsohuwar unguwa cikin gari, yawancin gidajen babu mita, bashi ya yi musu katutu. Wasu suna biya. Akwai wata tsohuwa da ke aiko jikanta da kuɗi a ƙulle cikin leda tare da tsohon rasit, ba ta taɓa bari wata ya zagayo ba. Wasu kuwa ka yanke musu da hantsi, kafin isha'i sun jona. Abokan aikina sun ce mu cire fiyus ɗin taransifomar baki ɗaya, idan unguwa ta sha duhu su da kansu za su haɗa kuɗi su kawo. Wanda ya fi matsa mini dattijo ne, shi ya koya mini aikin nan, yau kuma yana ƙarƙashina. Ga shi gidan surukaina a wannan unguwa yake, kuma suna cikin waɗanda ake bi. In na yanke na haɗa da masu biya, in na ƙi a ce surukai nake karewa.

Me kuke gani? Kuma yaya mutum zai jagoranci wanda ya girme shi a shekaru da a aiki ba tare da an ɓata ba?

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya taya ka riƙo. Ni a NEPA na yi aiki har na ajiye, don haka na san inda dattijon naka ya samo wannan dabara, a hannunmu ya gan ta.

Amma zamanin ya juya. NEPA da aka kafa a 1972 hukumar gwamnati ce, ita ke samar da wuta, ita ke dakon ta, ita ke raba ta. An tara kuɗi ko ba a tara ba, ba mu jin abin a jikinmu kamar yadda ku kuke ji. Dokar 2005 ta zo aka koma PHCN, aka yanyanka ta gida 18: kamfanonin rarrabawa 11, na samarwa 6, sai TCN mai dakon wuta da gwamnati ta riƙe. A Nuwamban 2013 aka fara miƙa na rarrabawa ga 'yan kasuwa. Tun daga ranar, wutar da kake rabawa saye aka yi, ba gado ba ce.

Mutanenmu suna zaton daga Kainji da Jebba da Shiroro duk wutar take fitowa. Ba haka ba ne. Kaso mafi tsoka daga tashoshi masu ƙona iskar gas yake, irin su Egbin a Legas da Geregu a Kogi. Mai gas yana jiran mai tasha ya biya shi, mai tasha yana jiran kamfaninku, kamfaninku yana jiran ka, kai kuma kana jiran waccan unguwa. Idan mai gas ya gaji da bashi ya rage famfo, tashar tana nan lafiyarta ƙalau amma babu abin ƙonawa. Kuma ka tuna a Yulin 2022 banki ya karɓe ragamar kamfanonin rarrabawa na Kano da Kaduna da Binin saboda rancen da masu su suka kasa biya. To adadin da manyanka suka ɗora maka ba mugunta ba ce, su ma akwai mai tsare su.

Duk da haka ban goyi bayan cire fiyus ba. Na ga an yi, kuɗi kan shigo a wannan makon, wata mai zuwa a koma gidan jiya, kuma wanda yake biya da can ya daina, tunda ya ga biyan bai hana shi kwana a duhu ba.

Maganar dattijo kuwa, kada ka yi masa gyara a gaban yara. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce Baba ga abin da nake so mu gwada, kuma ba zai yiwu ba sai da kai, don kai ka san kowane gida da wayar da ta shige shi. Ka ba shi jagorancin aikin a fili. Yawanci ba fiyus ɗin ne damuwar irinsu ba, tsoro suke kada sabon shugaba ya mayar da su saniyar ware.

Maman 'Yan Biyu

Malam, ni ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa, da firiza biyu nake riƙe da gida. Don girman Allah kada ka yanke wa unguwa gaba ɗaya. An taɓa yi mana, alhali rasit ɗina yana hannuna. Na buɗe firiza da safe na tarar ƙullin ƙanƙara duk sun koma ruwa, zoɓon ya fara tsami, kuma ranar ce zubin adashina. Maƙwabcin da ya jawo mana kuwa ko fanka ba ta dame shi ba, a waje yake kwana.

Abin da ke ci mana rai ba ɗauke wutar kaɗai ba ne, rashin sanin yaushe za ta dawo ne. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta fi mako a duhu, amma da yake an faɗa a rediyo kowa ya san ba laifin ofishin unguwa ba ne, muka nemi mafita. Ka buɗe zauren WhatsApp da mai unguwa da 'yan kowane layi, ka riƙa cewa yau za a ba ku daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko yau babu, ga dalili. Wallahi wanda ya san lokacin wutarsa ya fi sakin kuɗi.

Akanta

Yallaɓai, kafin ka yanke wa kowa, ka fara sanin ta ina wutar ke zurarewa. Giɓin da ake tambayar ka iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ke ɓacewa a kan waya saboda tsufa, siranta ko mugun haɗi. Akwai wadda aka sha ba a rubuta wa kowa bil ba, wato satar wuta, zagaye mita, da gidajen da ba sa cikin rajista. Sai wadda aka rubuta bil amma ba a biya ba. Cire fiyus, iri na ukun kawai yake taɓawa, kuma ba mamaki a tsohuwar unguwa na biyun ya fi yawa.

Idan taransifomar tana da mita a jikinta, ka ɗauki karatun wata guda ka gwada da jimillar bil ɗin da kuka raba. In babu, ka rubuta wa manyanka ka nema. Sannan ku bi falwaya ɗaya bayan ɗaya ku ƙirga wayoyin da suka sauka. Za ka tarar da gida mai rajista ɗaya amma an yanka shi sassa biyar, ga shagon caji a zaure, ga injin markaɗe a baya.

Ga kuma doka. NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ta sha nanata cewa ba a yanke wa wanda ya biya saboda wanda bai biya ba, kuma duk wanda za a yanke wa sai an ba shi sanarwa a rubuce. Tun Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga bil ɗin ƙiyasi da za a iya rubuta wa marar mita. Mai ƙorafi yana da damar kai kuka ofishinku, in kwanaki 15 na aiki suka wuce ba a warware ba ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC. Idan tsohuwar nan ta sami mai rubuta mata takarda, sunanka ne zai fito, ba na dattijon ba.

Tsohon bashi kuma kada ka ce sai an biya shi tashi ɗaya. Wanda ake bi kuɗin da ya fi ƙarfinsa ba ya biyan ko sisi, don ya riga ya fid da rai. A duba bil ɗin, in akwai ƙiyasin da ya wuce iyaka a gyara, sauran a raba masa kaɗan-kaɗan a kan bil na wata, da amincewar manyanka a rubuce.

Mai Walda Ƙofar Ƙaura

Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan lallashi ba. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit muke biya da gumi, an ce za a ba mu awa 20 a rana. Wasu kuma suna can suna kunna hita da rishon lantarki kyauta. Mutanenmu in ba su ga tsani a jikin falwaya ba ba sa motsi. A yanke kawai.

Akanta

Maigida, ba wanda ya ce kada a yanke. A yanke wa mai bashi, a ƙofar gidansa, bayan sanarwa. Wanda ya jona da dare a rubuta shi a miƙa, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri ga satar wuta. Kai da kake biya, za ka yarda a kashe layinku gobe saboda shagon da ke kusa da kai?

Mai Walda Ƙofar Ƙaura

Ba zan yarda ba. Amma a yi da gaske, kada a yanke wa talaka a tsallake gidan Alhaji.

Malamin Islamiyya

Ɗan'uwa, abin da aka ba ka amana ce ta fuska biyu, dukiyar kamfani da haƙƙin jama'a. A addini ba a kama wani da laifin wani. Haka kuma shan wuta ba biya cin haƙƙi ne, ko da mutum yana ganin ba a ba shi yadda yake so.

Surukanka su za ka fara da su, tun kafin kowa ya ji labari. Ka je da kanka cikin girmamawa, ko ka sa babban wansu ya yi musu magana. In da hali ka taimaka musu daga aljihunka su rage, wannan zumunci ne. Abin da bai halatta ba shi ne sunansu ya ɓace daga takarda. Ka nemi mai unguwa da limamin masallacin su tara masu gidaje, ka zo da lissafin taransifomar ka karanta musu: ga abin da ya shigo, ga abin da aka biya. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba.

Injiniya Daga Daura

Oga, ƙari kaɗan ta ɓangarenmu. Mu a jelar layi muke. Wuta sai ta taso ta Mando a Kaduna, ta sauka Kumbotso a Kano, sannan ta biyo layi mai ƙarfin kilobolt 132 ta Kankiya ta iso Katsina. Ƙasar gaba ɗaya megawat dubu huɗu zuwa biyar ake rabawa yawancin lokaci, don haka abin da ke iso mu ba yawa, ƙarfinsa ma ya ragu. Kada ka yi wa unguwa alkawarin awannin da ba a hannunka suke ba.

Abin da ke hannunka shi ne taransifomar. Ka auna nauyin layukanta uku da magariba, lokacin da kowa ya kunna kaya. Sau da yawa za ka ga an jibge gidaje a layi ɗaya, shi ke cin fiyus kullum, sauran biyun suna hutawa. Ku daidaita, ku ɗaure haɗin da ya saki, ku duba mai. Gidan da ƙwan fitilarsa ke ja kamar garwashi ba zai ji daɗin ganin bil ba. Gyaran taransifoma da falwaya nauyin kamfani ne, kada yaranka su ce jama'a su yi karo-karo. Kuma ka hana karɓar kuɗi a hannu ba rasit, ko na "mai" ne. Masu jonawa da dare su ma a ja musu kunne a gaban mai unguwa, aikin nan yana kisa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je wurin dattijon kamar yadda Baba ya ce. Bai sauka daga ra'ayinsa ba, yana ganin ɓata lokaci ne, amma ya karɓi aikin ƙirga gidajen, har ya ce akwai wani lungu da wayarsa ta bi ta bayan katanga wanda ba ya cikin takardunmu. Na yi magana da surukaina, sun kawo wani abu, sauran mun tsara. Ranar Asabar za mu zauna a ƙofar gidan mai unguwa.

Abin da ya rage mini shi ne mita. Na san da an zauna kowa ita zai nema, ni kuma waɗanda za su iso ofishina ba za su kai ko'ina ba. Wa zan fara ba?

Akanta

Ka faɗa musu adadin da kake da shi tun a zaman, da kuma ƙa'idar rabon, kafin wani ya zo ta bayan gida. Ni a ganina ka fara da masu jan wuta da yawa: injin markaɗe, masu firiza, gidajen haya masu sassa. A nan giɓinka ya fi girma, kuma nan rigimar ƙiyasi ta fi zafi. Bayansu sai waɗanda rasit ɗinsu ya nuna ba sa fashi, irin tsohuwar nan. Wanda yake da hali kuma ba ya son jira, ka nuna masa tsarin MAP na sayen mita da kuɗin kai da aka fito da shi a 2018, ya biya ta asusun da kamfani ya bayar, ya riƙe takardarsa, don ana mayar masa da kuɗin a hankali ta hanyar yunit. Jerin sunayen ka liƙa shi a allon ofis, da kwafi a hannun mai unguwa.

Maman 'Yan Biyu

Kuma don Allah a sa mata a zaman Asabar ɗin, ko a ware musu nasu a gidan mai unguwa. A gidaje da yawa mu ne muke biyan kuɗin wutar daga sana'armu, maigida bai ma san nawa ake kawowa ba.