Hoton Matar Da Ke Kwance A Tabarma: Taimako Ne Ko Tonon Asiri?

Maihoto: Assalamu alaikum. Tun jiya wayata ba ta huta ba kan hotunan da na saka a Facebook, shi ne na ce gara a yi maganar a nan gaban manya. Ga wanda bai gani ba, ranar Asabar na raka Kawu Direba wani ƙauye can kudancin Filato, na leƙa asibitin sha-ka-tafin garin. Hoto shida na ɗauka. Iska ta yaye rabin rufin ɗakin haihuwa, silin ya zazzago, kashin jemage ko'ina, firij ɗin allurar rigakafi ya zama ma'ajiyar takardu. Na shidan ne ya tayar da ƙura: wata mai naƙuda kwance a tabarma, lulluɓe da zaninta, ma'aikaciya ɗaya tal tana duba ta da fitilar waya. Ni dai ina nan kan bakana, hoto ɗaya ya fi takardar koke ɗari. Shekara nawa mutanen garin suna rubuta wasiƙa? Hotona kwana biyu kacal ya yi, wani yaron ɗan siyasa ya nemi lambata. Gani ya kori ji.

Sista: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambaya ɗaya. Ka nemi izininta? Ba na mijinta ba, ba na mai gari ba, nata.

Maihoto: Anti, tana cikin wannan hali ta ina zan tambaye ta? Mijin ne da kansa ya ce in ɗauka, ko Allah zai sa a dube su.

Sista: To ai ka ba kanka amsa. Wadda ba ta cikin halin da za a tambaye ta, ba ta cikin halin da za a ɗauke ta. Na tsufa a ɗakin haihuwa, na san yadda mace take a wannan lokacin, ko uwarta wani sa'in ba ta son ta gan ta. Fuskarta fa ta fito sarai. Gobe za ta je rafi ɗiban ruwa, za ta je kasuwa, za ta je biki, kuma duk saurayin da ke da waya a garin ya ga kwanciyarta.

Malam na Gangare: Maganar Sista tana kan hanya. Ya inganta cewa wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira. Amma kada a ɗauki hadisin nan a rufe ɓarnar shugabanni da shi. Suturar ta baiwar Allah ce, ba ta rufin da ya yaye ba. Hoto biyar ɗin farko ni ban ga aibinsu ba.

Barista: Allah gafarta Malam, a nan ne fa gizo ke saƙa. Hoto biyar ɗin da babu aibi, su wa suka tsaya a kansu? Ku duba ƙasan kowanne. Na rufi da na firij an wuce su kamar ba a gani ba, domin kowa ya saba ganin ginin gwamnati a rushe. Na matar ne aka yi ta turawa. Ɗan Adam mutum yake tausayawa, ba kwano ba.

Ku tuna Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. An share wasu ƙauyukan, aka bar Bagega tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma kan ƙasa mai guba. Sai da hotunan yaran garin suka zagaye duniya, matasa suka taso da gangamin ceto Bagega a Twitter, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Da an ce kada a nuna kowa fa?

Ɗan Taminus: Barista, ka kawo ɗaya da ta yi nasara, ni zan kawo maka kwando na waɗanda suka tashi a tutar babu. Kullum ana zuwa ƙauyukanmu da manyan motoci da kyamara, a ɗauki yaro mai kumburin ciki, a kai Abuja a manna a bangon otal, a sha shayi, a karɓi dala. Yaron na nan inda aka bar shi. Kun san hoton nan na ungulu tana jiran yaro a Sudan, na 1993? Wanda ya ɗauke shi, Kevin Carter, ya samu babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 1994 da shi, duniya kuma ta yi ta tambayarsa me ya yi wa yaron. Watanni kaɗan bayan kyautar ya hallaka kansa. Ba ina cewa ɗan'uwanmu ungulu ba ne fa, kar a juya min magana.

Maihoto: Ka dai riga ka faɗa. Ko kwabo ban karɓa a wurin kowa ba, man babur ɗin da na shiga da shi garin ma daga aljihuna ne.

Admin: A yi a hankali jama'a. Ɗan Taminus, janye ungulun nan.

Ɗan Taminus: Na janye. Sauran maganar tana nan.

Hajiya Babba: Ku 'yan boko kuna ta kai gwauro kuna kai mari. Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya a ƙauye aka aurar da ita. Haihuwarta ta huɗu jini ya ɓalle mata da daddare, aka kai ta asibitin garin aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Mun rufa asiri ƙwarai. Mun ce kwana ne ya ƙare, muka yi sadakar uku da ta bakwai, kowa ya watse. Yau shekara goma sha, an ce min kwaɗon nan har yanzu yana aiki da daddare. Wallahi da akwai mai hoto a daren nan, da ni zan riƙe masa fitila. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar me? Ai mai kunya shi ne wanda ya ci kuɗin rufin.

Sista: Allah ya jiƙanta, Hajiya, ya raya abin da ta bari.

Malam na Gangare: Allah ya sa ta yi shahada.

Dokta: Amin. Hajiya, abin da ya samu ƙanwarki shi ne ke samun dubbai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Kuma zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, duk an san maganinsu tun tuni.

Inda na rabu da Maihoto shi ne cewar hoto ya fi takarda. Mu 'yan Jos bai kamata mu manta da kurkunu ba, tunda ofishin Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wadda ta yaƙi cutar, a garin nan yake. A ƙirgen 1988 zuwa 1989 an samu mutum sama da 650,000 da kurkunu a ƙasar nan. A 2013 aka ba Najeriya shaidar ta rabu da shi. Me ya yi aikin? Littafin rajista a hannun ɗan sa-kai a kowane ƙauye, yana rubuta wa ya kamu, da ƙyallen tace ruwa, da Janar Gowon yana bin gwamnoni da ƙauyuka yana cewa ku haƙa rijiya. An ɗauki hotunan ƙafafu masu tsutsa, ba a rasa ba. Amma ƙirge ne ya nuna inda za a je.

Hoton ƙanenmu ya sa mutane kuka, sai dai bai gaya musu wanda za su riƙe ba. Na karanta sharhin da ke ƙasansa, duk Abuja ake zagi. Alhali asibitin matakin farko nauyin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya ta jiha ne. Abuja tana da nata kason, ban wanke ta ba. A Abujar aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau ba mu cika ba. Sannan dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun da ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana tura wani ɓangare kai tsaye asusun asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Tambayar da nake so in ji amsarta ita ce, asibitin nan yana cikin waɗanda aka zaɓa? In yana ciki, ina kuɗin? In ba ya ciki, wa ya cire shi? Kyamara ba ta ɗauko wannan.

Barista: Wannan kam ana iya tambaya a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Zan rubuta kyauta. Kuma tunda gaskiya ake so, Maihoto, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta kiyayewa. Izinin miji ba zai tsaya maka ba in matar ta ce ba ta yarda ba. Ina goyon bayan hoton, amma ba zan ɓoye maka wannan ba.

Ɗan Taminus: Lauya ke nan. Da safe yana gabas, da yamma yana yamma.

Kawu Direba (saƙon murya, Admin ya rubuta): Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba. Yaron nan da ni muka je, kuma zuciyarsa ɗaya. Amma na gaya masa a hanya, abin da ya kamata ya ɗauka bai ɗauka ba. Rafin da ke gaban garin. Daga Yuli zuwa Satumba in ya kawo, mota ba ta tsallakawa, sai dai a ɗauko marar lafiya a kan ƙyauren ƙofa, maza huɗu, ruwa iya ƙirji. Na ɗauki wanda gobe-da-nisa ta sara a gona, kafin mu kai asibitin Zamko jini yana fita ta dasashinsa. Ko an gyara rufin nan yau, in aka ce sai ƙarin jini ko tiyata, rafin nan ne alƙali. Kuma ko an tsallake, sai an sayar da akuya kafin a biya ni kuɗin mai. Shi ke nan maganata.

Dokta: Kawu ya gama da mu duka.

Sista: Akwai abin da na yi shiru a kai tun ɗazu, don ina so in tabbatar. Yanzu na gama waya. Ma'aikaciyar da ke riƙe da fitila a hoton, an ba ta takardar tuhuma jiya. Laifinta wai ta bar baƙo ya shiga ɗakin haihuwa, ta kuma zubar da mutuncin ofis. Ana maganar a mayar da ita wani wuri. Yarinyar da ke kwana a garin ita kaɗai, da kuɗinta take sayen safar hannu. In aka ɗauke ta, kwaɗon da Hajiya ta faɗa shi zai koma ƙofar. Kullum haka ake yi, in hoto ya fita ba mai kwangila ake nema ba, na ƙasa ake takewa.

Maihoto: Innalillahi. Anti wallahi ban yi tunanin wannan ba.

Hajiya Babba: To laifin hoto ne wannan ko laifin azzalumai? Kada ku sa yaro ya ji kamar shi ya yaye rufin.

Sista: Ban ce shi ya yaye ba, Hajiya. Na ce ya shiga da rana ɗaya ya fita, su kuma can ya bar su.

Dokta: Akwai wani Ba'amurke, Eugene Smith. A 1951 mujallar Life ta buga hotunansa na wata ungozoma baƙar fata, Maude Callen, a karkarar Karolina ta Kudu. Ba rana ɗaya ya je ba, makonni ya yi yana binta gida-gida, kuma ita ce kan gaba a hotunan, tana aiki, ba marasa lafiyarta a wulaƙance ba. Masu karatu suka aiko da fiye da dala 20,000, aka gina mata asibiti a 1953. Maihoto, ka ga da ka juya kyamarar kaɗan, hannun ma'aikaciyar da fitilar su cika hoton, matar a ga zaninta kawai, da yanzu wanda ya rubuta takardar tuhumar ne ke neman wurin ɓuya.

Malam na Gangare: Kuma ka rubuta sunan wuri da ranar da ka ɗauka a jikin kowane hoto. Mun ga abin da ya faru a jihar nan a 2018, da aka yi ta yaɗa hotunan gawarwaki, wasu ma ba na ƙasar nan ba, aka ce na Filato ne. Hoto in ya bar hannunka ba ka san riga nawa za a sa masa ba.

Maihoto: Na sauke na shidan yanzu. Na san wasu sun riga sun adana, wannan ba yadda zan yi. Biyar ɗin suna nan. Amma Dokta, har yanzu ban yarda takarda ta fi ba. Ba don hoton ba da yanzu muna nan muna gardamar ƙwallo, ba wanda zai san akwai wani asusu.

Hajiya Babba: Ni ban so ka sauke ba. Na faɗa, a rubuta.

Kawu Direba (saƙon murya): Mijin ya kira ni. Ta sauka lafiya tun daren, mace aka samu, suna ranar Asabar. Ya ce matar ta ji labarin hoton, ranta bai yi daɗi ba, ta ce duniya ta gan ta ba ɗankwali. Wai in mai hoton da gaske yake ya dawo ranar suna ya ɗauke ta da kwalliyarta. Zan tashi daga tashar Bauchi Road ƙarfe shida, ban da mai hoton akwai wurin mutum uku.

Barista: A riƙe min ɗaya. Ina so in ga mai gari da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, su sa hannu kan wasiƙar kare ma'aikaciyar nan kafin Litinin.

Sista: Ni ina da aikin dare ranar Juma'a, amma zan zo. Maihoto, in mun isa ni zan fara shiga wajenta, kai ka tsaya a zaure sai an kira ka.

Ɗan Taminus: Saura wuri ɗaya ke nan. Kawu, nawa ne kuɗin man?