Yaushe ake haƙe dankalin turawa da aka shuka a gida?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Na shuka dankalin turawa a bayan gida, yau kusan kwana 70 ke nan, ya yi fure, kuma ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Shin lokacin haƙa ya yi, ko in ƙara haƙuri?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Fure alama ce kawai ta cewa 'ya'yan sun fara girma, kuma akwai irin da ba ya yin fure ko kaɗan. Idan ƙananan dankali kike so don dafawa nan take, za ki iya tona bayan mako biyu ko uku da fitowar furen. Amma na ajiya sai ganye da kara sun bushe sun kwanta, sannan ki daina ban ruwa ki bar shi a ƙasa kamar mako biyu, domin a wannan lokacin ne ɓawonsa yake ƙwari.

Amsa ta biyu:
Ni shawarata ki tona gindi ɗaya ki murza dankalin da babban yatsa. Idan ɓawon ya saɓule, bai ƙosa ba tukuna.

Amsa ta uku:
'Yar'uwa, ki duba ganyen sosai, domin idan baƙaƙen tabo ne suka bazu a kansa cikin 'yan kwanaki, wannan cuta ce, kuma ya kamata ki sare karan. Duk dankalin da rana ta taɓa har ya yi kore, kada a ci shi, saboda yana da guba.