Don Allah a taimaka: makin Cronbach ya ƙi hawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin ilimi a nan Kano. Na yi gwajin farko na takardar tambayoyina da malaman firamare 30 a Fagge da Gwale. Da na zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS, alfa na Cronbach (makin da ke nuna yadda tambayoyin suka dace da juna wajen auna abu ɗaya) ya tsaya 0.54, malamin da ke duba aikina kuwa ya ce sai ya kai 0.70.

Cikin tambayoyi 25, shida na juya su da gangan, wato "na yarda" na nufin akasi. Shin sai na juya makinsu kafin lissafi, ko cire su zan yi? Wata biyu ke nan babi na uku na kundin bincikena ya tsaya cak, wallahi na gaji.